Ɗalibar da Ta Dawo da Takardar Larabci

Malam, tunda ka ce ranka ya ɓaci don jami'a ta riƙe takardun ƙanenka tana bincike, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wata mata, 'yar makiyaya, da ta tafi wata ƙasa can gabas karatun likitancin dabbobi. Ta yi shekara uku cur, saura biyu ta gama, sai yaƙi ya ɓarke. Aka rufe jami'ar, malamai suka watse, ita kuma ta dawo gida a bayan motar kaya, ba ta tsira da komai ba sai takardar sakamakonta da ta ɗaure a bakin zane. Da hankalinta ya kwanta, ta nufi wata jami'a ta nan gida don ta ɗora daga inda ta tsaya. Aka tura ta ofishin tantance takardu, wurin wani dattijo da ya yi furfura a kan wannan aiki. Ya juya takardar, ya ƙura wa hatimin ido, ya ce, "'Yata, ban ƙaryata ki ba, amma ban gaskata ki ba tukuna. Ki ba ni lokaci." Ta fito tana haɗiye kuka, don a kunnenta maganar ta yi kama da kora. A gida wasu suka ce ta haƙura ta koma aji ɗaya kamar ba ta taɓa riƙe littafi ba, wasu suka ce a nemo mai hanya ya sa baki. Ta ƙi duka biyun, ko da yake ita kanta ba ta san abin da take jira ba.

Shi kuwa dattijon bai jefa takardar a aljihun tebur ya manta ba. Da Larabci aka rubuta ta, sai ya kai wa mai fassarar da hukuma ta amince da shi. Ya bincika ko jami'ar can tana cikin waɗanda gwamnatin ƙasarsu ta yarda da su, ya tarar tana ciki. Ya aika wasiƙa don a tabbatar masa da hatimin, shiru. Ya sake aikawa, shiru, don ginin ya zama kango. Bai gaji ba, ya yi ta tambaya har ya gano cewa magatakardan jami'ar ya yi gudun hijira zuwa maƙwabciyar ƙasa, ya buɗe ɗan ofishi can da kundin ɗalibai a hannunsa. Wannan ne ya amsa: sunanta yana nan, makinta kuma daidai yake da na takarda. Sannan malaman sashen likitancin dabbobi na nan suka zauna, suka jera darussanta kusa da nasu ɗaya bayan ɗaya. Awa nawa aka yi a wannan? Me aka koyar a cikinsa? Maki saba'in na can, nawa ne a ma'aunin nan? Wani darasin suna ya bambanta amma abin da ke ciki ɗaya ne, aka karɓa. Ita ba ta ga ko ɗaya daga wannan ba. Abin da ta sani kawai, duk Litinin tana zuwa ta zauna a benci a ce mata "ana kai", har wata huɗu, ƙawayenta da suka gudo tare, waɗanda suka yarda suka koma aji ɗaya, sun yi nisa da karatu.

A ƙarshe abu guda ya rage. Wurin aikin hannu, takardar ta ce ta halarta, amma ba maki. Malaman suka ce to, a gani da ido. Aka kai ta garken jami'a, aka jawo mata wata ramammiyar tunkiya. Ta dafa gadon bayan dabbar. Ta janye fatar ido, ta ga ciki fari fat. Ta shafa ƙarƙashin haɓa, ta ji kumburi mai taushi. Ta tambaya ko a fadama take kiwo, aka ce e. Ta ce tsutsar hanta take zargi, amma ba za ta ba da magani ba sai ta duba kashin a madubin likita. Ta ɗebo da hannunta, ta duba, ga ƙwan tsutsar nan. Daga nan aka shigar da ita ɗakin kaji, aka nuna mata wasu da suka sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallon su, zuciyarta na ce mata ta yi kame-kame ko ta dace. Sai ta ce, "Malam, ba mu kai nan ba aka rufe makaranta. Ban sani ba." Shugaban sashen ya rufe littafinsa ya ce, "Likitan da ya iya faɗin haka, ba na tsoron ba shi garken mutane."

Aka sa ta aji huɗu, aka ce ta haɗa da darasin kaji tare da 'yan aji uku. Ta yi, ta gama. Yau duk ranar kasuwa tana can kara, inda ake cinikin dabbobi, tun hantsi, makiyaya na layi da shanunsu, kuma ba wanda ya taɓa iya cewa alfarma aka yi mata. Shi ya sa Hausawa suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.