Yafiyar Don Aurelio

Sau uku ƙoƙon mate, shayin da ake sha ana miƙa wa juna, yana zagaya garejin Don Aurelio Giraudo, sau ukun yana tsallake Fermín Ocampo. Bai ɗago ba. Kansa na cikin injin, yana daidaita kafireto.

"Dogo, a ɗaure noti da kyau fa," in ji Tito mai kantin magani, yana kiran Fermín da laƙabinsa. "Yau maigidan ne da kansa zai hau. Ba mu shirya wata jana'izar ba."

'Yan ƙungiyar tsofaffin motoci suka kwashe da dariya. Don Aurelio Giraudo ya ɗaga hannu.

"Ku ƙyale shi. Ni da aka yi wa na yafe, ku ina ruwanku?"

Yakan faɗi haka sau da yawa, amma sai in akwai jama'a.

Shekara biyu ke nan. Wata Talata Fermín ya sabunta burkin akori-kurar Don Aurelio. Ranar Juma'a da hantsi Don Aurelio ya dawo daga gona, matarsa Doña Nilda ta fito buɗe masa ƙofa kamar yadda ta saba, motar ta haɗa ta da bango, ta rasu. Don Aurelio yana kuka ya rantse wa 'yan sanda cewa ya taka burki har ƙasa, ba ta tsaya ba. Gaban motar ya ragargaje, masu bincike suka kasa cewa komai, kotu ba ta kama kowa ba.

Garin ne ya yanke nasa hukuncin. Cikin wata uku ko mai keke ya daina tsayawa a bakin shagon Fermín. Matarsa ta tafi wurin ƙanwarta a birnin Rosario da cewa za ta yi sati biyu, har yau ba ta dawo ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne shi ma bai sani ba ko laifinsa ne. Ya warware aikin Talatar nan a zuciyarsa, noti bayan noti, sau ba adadi, kuma kullum akwai guda ɗaya da ba ya iya tuna ko ya ɗaure.

Motar da yake gyarawa yanzu a akwatuna goma sha ɗaya ta zo daga birnin Paraná, gunduwa-gunduwa: kwafin wata jar motar tsere ta zamanin kakanni, mai kujera ɗaya. Don Aurelio ya harhaɗa ta da hannunsa, littafi a buɗe, bai yarda a sauya ko ƙusa ɗaya daga yadda ta asali take ba. Marigayiya takan ba matan gari dariya da labarinsa a gidan burodi. Wai kullum da safe sai ya sa gilashin tsere ya shige ciki ya yi awa guda, yana taka wannan yana taka wancan, yana kukan inji da baki, motar ko taya ba ta da ita. Tun kafin a binne ta ya rufe mazaunin direban motar da tamfol mai maɓallai. Mutane suka ce baƙin ciki ne.

Da aiki ya zo kan inji, sai ya gagare shi, kuma duk yankin babu mai kunnen sauraron inji kamar Fermín. Wata Lahadi aka fito daga coci, Don Aurelio ya kama kafaɗarsa a kan matakala, ya yafe masa da murya mai ƙarfi, har mata suka share hawaye. Sharaɗi biyu ya gindaya: ta ƙofar baya zai riƙa shiga, kuma kada hannunsa ya kusanci mazaunin.

"In ta fita da ƙafarta yau," Don Aurelio ya ce yanzu, "ni zan miƙa maka mate da hannuna, a gaban kowa. Ka ji, Dogo?"

"Na ji, Don Aurelio."

Fermín ya san abin da hakan ke nufi. Wanda Giraudo ya sha da shi, gari zai sha da shi.

Ya juya hannun tayarwa. Injin ya yi tari, ya kama, ya yi ruri har kwanon rufi ya ɗauka. Aka yi tafi. Fermín ya ja sandar totur da yatsa don ya ƙara wuta, sai ta cije, injin ya mutu.

"Ga shi nan, an fara," in ji Tito.

Daga tsakar gida mai gasa nama ya yi kira cewa haƙarƙari ya yi, in aka daɗe zai bushe. Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Don Aurelio ya tsaya a bakin ƙofa.

"Za a kawo maka naka nan. Ka gama kafin mu gama."

Fermín ya bi sandar da hannu. A gefen inji lafiyarta lau. Inda ta cije yana can ciki, bayan ta ratsa ta shiga mazaunin. Ya saurari ƙarar wuƙaƙe da dariya, ya goge hannunsa tas, ya ɓalle maɓalli huɗu, ya zura kai.

Kuloci na hagu. Ya kai hannu dama, inda totur yake a duk motar da ya taɓa gyarawa, ya danna. Sandar ba ta motsa ba. Ƙafafun motar ne suka ce ƙyas, burki ya kama. Totur ɗin ɗan ƙarami ne, yana tsakiya, irin na motocin tseren da.

Ya daɗe yana kallon matakin daman. Motar ba ta taɓa fita ko ƙofar gareji ba, amma ƙarfen ya sha taku har ya yi santsi yana ƙyalli.

Wata da watanni Don Aurelio ya yi yana koya wa ƙafarsa cewa burki yana dama, ranar Juma'ar nan kuwa, abin da ke dama a akori-kura, wato totur, shi ya taka har ƙasa.