Jinin Mai Ƙosai

Ranar da wata mai jego ta zube a bakin famfo, kaf layinsu na Mpape ya taru a ƙofar maƙwabciyarta, mai ƙosai.

"Ke kika shanye mata jini, mayya!" in ji mijin mai jegon. "Tunda ta haihu take ɗashewa, kullum jiri. Fito ki tsallake ta, ki sakar mata kurwa!"

Baiwar Allah ta fito, ta ɗaure zani tamau.

"Ba zan tsallake ta ba, ɗan nan. Ɗaukarta zan yi."

Haka kuwa ta goya ta har bakin titi, suka bi bayanta suna zagi.

A asibiti likita ta duba cikin idon mai jegon, fari fat.

"Ƙarancin jini ne, ya yi yawa ga masu jego. Sai an ƙara mata yau."

Aka gwada na mijin, bai dace ba. Na mai ƙosai ya dace.

Tana kwance, ledar jini na cika, ta yafito mijin.

"Matso ka gani da kyau. In ka koma layi, ka faɗa musu daga jikin wa jinin ya fita."