Dashen Tattasai Dubu da Tara

Kana cewa lamba ai lamba ce, babba ta fi ƙarama, shi ke nan. To ba haka ba ne, kowace da halinta. Akwai mai sauƙin kai, ta inda duk ka ɓullo mata sai ta rabu daidai. Akwai kuma mai taurin kai, wadda ko ka bar ta a dunƙule, ko ka warware ta ɗaya-ɗaya, ba ta san wani rabo ba bayan wannan.

Wani manomin rani ne a bakin fadama, mutum mai son tsari har abin ya yi masa yawa. Layukan lambunsa kamar da zare aka ja su, kuma ba abin da ke masa daɗi irin masu wucewa su tsaya suna yabawa. Ran dashe ya yi sammako ya cire irin tattasansa kaf daga inda ya rene shi, ya ƙirga, ya samu dubu da tara. Kowa ya san irin da aka cire ba ya jiran kowa, in bai koma ƙasa da sanyin safiya ba sai wani ikon Allah. Amma gogan naka ya ce ba zai dasa ko ɗaya ba sai layukan sun zo daidai wa daida. Ya tsuguna yana zane a ƙasa da tsinke. Ya raba biyu, ɗaya ya yi saura. Ya raba uku, saura ɗaya. Huɗu, shida, bakwai, takwas, tara, kullum ɗayan nan na tsaye. Da ya gwada biyar ma sai saura ya zama huɗu.

Maƙwabcinsa da ke ban ruwa ya leƙo ya ga abin da ake ciki, ya ce, "Haba maƙwabci, ba ni ɗayan nan in dasa bakin rijiya. Dubu da takwas ai layi ashirin da huɗu ne, kowanne arba'in da biyu." Manomin ya ce, "Irina ne, ba mai rage mini ko ɗaya. Da sauran lambobin da ban gwada ba." Ya ci gaba, sha ɗaya, sha uku, sha bakwai, bai san dubu da tara tana cikin masu taurin kan nan ba, ko zai kwana yana zane ba za ta rabu ba. Kafin ya haƙura rana ta take, saiwoyi sun bushe, ganye ya langaɓe. Ya dasa a gurguje bayan la'asar, ko sulusi bai kama ba. Abin tausayi, a shekarar nan layukan da yake taƙama da su suka fito giɓi-giɓi kamar bakin tsoho, masu wucewa kuwa suka riƙa kau da kai.

Tsiro ɗaya tak ya hana, ya yi asarar ɗaruruwa. Shi ya sa Hausawa ke cewa garin neman gira akan rasa ido.