Alƙalin Bidiyo

Jikana ya faɗi ana tsakiyar wasan ƙwallon kwando, bai motsa ba. Alƙalin wasan, saurayin da aka horar da bidiyo, ya yi nuni a ci gaba.

Na miƙe. "Kai yaro, busa usur!"

"Zauna, Baba," ya ce yana murmushi. "An nuna mana irin wannan faɗuwar har mun gaji. Wayo ne."

Ni ba a zaunar da ni. Na kutsa cikin fili, na ɗago yaron. Jikinsa ya saki.

Likita ya ce zuciya ce, mun makara.

A barandar asibiti alƙalin ya durƙusa gabana.

"Wallahi Baba, a bidiyon duk suna tashi."