Kunnen Ƙashi

"Likita, ninka masa allurar tsayin nan," in ji mijina, yana ɗage kamar shi wani dogo ne. "Ɗana ba zai ƙare gajere ba."

Likitar ta girgiza kai. "Sinadarin girma ya ishe shi, yallaɓai. Ƙashi yana da kunnen karɓar saƙonsa. In aka cika masa kira, jiki da kansa yake toshe kunnen."

Gogan ya hau faɗa, irin wanda muke sha kullum a gida. Ya juya kan yaron. "Ba da kai nake ba?"

Yaron ko waiwaye, yana ta kaɗa ƙafa abinsa.

Ni ma sai a mota na lura ashe bakin mijin nawa bai daina motsi ba.