Furen Kuɓewar Inna

Ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu, kusa da Bukkuyum, aka ce wani babban baƙo zai zo duba makaranta. Ba zan rantse a kan shekarar ba, amma ƙarshen damina ne, domin kuɓewar mahaifiyata Inna da ke bayan makarantar ta cika da fure.

Hedimasta ya saba ganin teburin manya da furanni a talabijin. Da safe ya tura manyan ɗalibai suka tsinke furen kuɓewar kakaf, aka cusa a kwalaben lemo, aka zuba ruwa, aka jera a tebur.

Baƙon bai iso ba sai bayan la'asar. Kafin nan furannin sun yanƙwane, hedimasta da kansa ya watsar da su bayan ajinmu don kada a gani. Can Inna ta tarar da su. Ta tsuguna ta ɗauki guda, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, miyar ɗiyana ta rani kunka sa cikin kwalba?"

Ya yi dariya. "Haba Inna, fure ne fa. Wani zai fito."

Wani ya fito, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ruwa ya ɗauke da wuri, busasshiyar kuɓewarmu ta ƙare tun rani bai yi nisa ba.

Yanzu na karanci aikin gona, na san furen kuɓewa ko a jikin uwarsa yini guda yake yi. Rashin sanin hedimasta na yafe masa tuni. Dariyar nan ce har yau ban yafe ba.