Jakar Rabo da Irin Albasar Mahaifinsa

Malam Jaje bai bar wa ɗansa Rabo shanu ba, bai bar masa shago ba. Garka ya bar masa a bakin ƙorama, a wani ƙauye na yankin Dogarawa, sai kuma irin albasa. Tun yana saurayi tsohon yake ware kawunan da suka fi kyau, yana maida su ƙasa su ba da iri, har ya samu albasar da ke daɗewa a rumbu ba ta ruɓe ba. Duk ƙauyen, Rabo kaɗai ke da ita. A ƙullin tsumma yake ajiye irin, yadda mahaifinsa ya koya masa, don kada ya gumu.

Da damina ta kankama, rediyo ta dinga gargaɗin mazauna kwari cewa kowane gida ya haɗa jaka guda ya ajiye kusa, saboda ambaliya. Latifa, matar Rabo, ta hana shi sakat.

"Maigida, ka tahi Konni ka sawo muna jikka ta goyo. Mai ƙwari hwa, wadda ruwa ba ya shiga."

"To, na ji," ya ce, ya hau babur.

A kasuwar Konni ya tsaya rumfar Mahamudu mai jakunkuna. Mahamudu ya sauko masa da wata ta gwanjo mai kalar ƙasa, kaurinta kamar tamfal, ɗinkinta ruɓi biyu. Ba ta da kyan gani ko kaɗan.

"Wagga ita ka kai ka inda za ka," in ji Mahamudu. "Ja maratayinta ka ji."

Rabo ko taɓa ta bai yi ba. Idonsa ya riga ya faɗa kan wata sabuwa ja mai sheƙi, aljihu ta ko'ina, zif sai walƙiya yake. Shi kuwa mutumin kirki ne, amma Allah ya jarrabce shi da son a gani a yaba.

"Haba Mahamudu! In ɗauki abin da wani ya gaji da shi ya yar? Mi mutane za su cewa a hwada?"

"Waccan ta 'yan lakwal ta, yaran makaranta, abokina. Littahi biyu da alƙalami, shi ke nan ƙarhinta."

Rabo ya yi dariya, ya biya, ya goya jar jakarsa. A fada kuwa, wurin hirar mazan unguwa, an yaba, har da masu shafa ta. Latifa ce kaɗai ta murza yadin tsakanin yatsunta, ta dube shi, ta ajiye. Ya zuba tufafi, da tocila, da garin kwaki, da maganin mahaifiyarsa Inna Lauratu, ya sa ƙullin irin a can ƙasa, ya jingine jakar a lungun ɗaki. Ko sau ɗaya bai goya ta da kaya a ciki ya zaga tsakar gida ya ji yadda take ba.

Ruwan ya zo wata Laraba bayan la'asar. A ƙauyen ma yayyafi ake yi, can kan duwatsu aka tafka shi, sai ƙorama ta cika ta yo cikin gari. Latifa ta goya jaririnta ta bi mata zuwa tudu. Rabo ya saɓa jakar a baya, ya kama Inna Lauratu da hannu biyu, don tsohuwar ba ta gani sosai, ƙafafunta kuma sun yi rauni.

Suna tsakiyar ruwa, ya kai musu ƙugu, ya ji ɗinki ya ce ɓarat a kafaɗarsa ta dama. Jakar ta sha ruwa ta yi nauyi, ta karkace, ɗaya maratayin ya zame zuwa gwiwar hannunsa. Ruwa na jan jaka, jaka na jan hannunsa, tsohuwa na tangaɗi.

"Rabo, kak ka sake ni!" ta ce da ƙarfi.

Ya san abin da ke cikin jakar nan sarai. Yana ji yana gani maratayi na biyu ya tsinke. Da zai saki uwarsa da hannu ɗaya da ya cafke ta, amma ina! Ya rungume tsohuwa, jar jaka ta yi gaba tana juyi a kan ruwa.

Sai da ƙasa ta tsane aka gano ta, maƙale a ƙaya can gangare. Zif ya buɗe baki, gindin ya yage. Ƙullin tsumman yana nan, sai dai irin ya sha ruwa, ya tsiro fari fat a cikin tsumman, ya soma wari. Rabo ya durƙusa yana tsintar abin da ba zai tsintu ba, hawaye na zuba.

Ya kai wa Inna Lauratu tsumman. Ta shafa, ta kai hanci.

"Wanga shi na aikin babanka duka," ta ce a hankali. "Yau ne ya mutu da gaskiya."

Kawunan albasar da ke rumbu ma ruwa ya tafi da su. Maƙwabta sun sammasa iri a shekarar, ya shuka, amma albasa ce irin ta kowa, tun kafin zafi ya wuce ta fara ruɓewa. Ta Malam Jaje ta ƙare har abada. Rabo ya daina zuwa fada, in kuma hanya ta bi da shi kasuwar Konni, sai ya kauce wa rumfar Mahamudu saboda kunya.

Jama'a, jakar tafiya ko ta gudun bala'i ba kayan ado ba ce. Kafin ku saya ku duba kaurin yadin, ku ja ɗinkin maratayi, ku gwada zif, ku tabbatar ruwa ba ya ratsa ta, sannan ku cika ta ku goya tun ana zaune lafiya. Ranar da za ku buƙace ta, hannayenku suna riƙe da wani naku, babu hannun da za ku tare ta da shi.